Yadda Ake Yi wa Dattijo Allurar Rigakafin Nimoniya a Amurka Ba Tare da Biyan Ko Sisi Ba

Allurar rigakafin nimoniya, wato ciwon huhun da mutanenmu ke kira sanyin haƙarƙari, takan haura dala 200 a kantin magani idan babu inshora. Amma dattijon da ke da Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga masu shekara 65 zuwa sama, bai kamata ya biya komai ba. Masu biya galibi sun miƙa katin da ba shi ba ne, ko sun je wurin da inshorarsu ba ta hulɗa da shi.

Fara da duba katin Medicare na Baba ko Mama, mai launin ja da fari da shuɗi. A jikinsa an rubuta sassan da mutum yake da su. Sashen A na kwanciya asibiti ne, ba ruwansa da wannan allura. Sashen B ne ke biyanta, tare da ta mura da ta korona, kuma ba a jira sai mutum ya cike kuɗin da yake fara biya daga aljihunsa a shekara. Allurar RSV, wata cutar numfashi, dai tana ƙarƙashin Sashen D na magunguna, shi ya sa wani lokaci ma'aikacin kanti kan tura lissafin can bisa kuskure, kwamfuta ta ƙi, sai a ce ku biya. Ku ce masa ya tura Sashen B.

Sai ku nemo tarihin alluran da aka taɓa yi masa, domin shi ke nuna wadda ta dace. Wanda ba a taɓa yi wa ba, allura ɗaya ta Prevnar 20 ko Capvaxive ta wadatar, an gama. Idan Vaxneuvance aka yi, akwai saura: bayan shekara guda sai a bi ta da Pneumovax 23, ko bayan mako 8 ga mai raunin garkuwar jiki. Nan ne mutane da yawa ke mantuwa, su zauna da rabin kariya. Wanda a baya aka yi wa Pneumovax 23 kaɗai, ko tsohuwar Prevnar 13 kaɗai, zai jira aƙalla shekara ɗaya daga ranar kafin a yi masa sabuwar. Idan takarda ta ɓace, likitansa ko rajistar rigakafi ta jihar na iya fito da ranakun. Mu dai a ganinmu, inda aka ba ku zaɓi, wadda ake yi sau ɗaya ta fi sauƙi ga tsoho.

Kafin ku fita, ku buga waya ku yi tambaya ɗaya: shin sun yarda da farashin da Medicare ta yanke a matsayin cikakken biya? In sun yarda, ba za a karɓi komai ba, har kuɗin tsira allurar. Mai Medicare Advantage kuwa, wato wanda kamfani ke riƙe da inshorarsa, katin kamfanin zai nuna, kuma ya je kanti ko asibitin da ke cikin jerin waɗanda kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su. A kula, allurar ce kyauta. Idan aka zauna likita ya duba hawan jini ko ciwon gwiwa a zuwan, wannan lissafinsa daban.

A watan Oktoban 2024 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ta sauko da shekarun wannan rigakafi daga 65 zuwa 50. Mai shekara 50 zuwa 64 yawanci bai kai Medicare ba, sai dai dokar lafiya ta 2010 ta wajabta wa akasarin inshorar wurin aiki da ta kasuwa biyan allurar gaba ɗaya, muddin a cikin jerinsu aka yi. Inshorar wucin gadi ta 'yan watanni ba ta cikin wannan wajibci. Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ita ma tana biya wa manya tun Oktoban 2023.

Iyayen da aka ɗauko daga gida lamarinsu daban ne. Mai katin zama na dindindin da bai yi aiki a Amurka ba sai ya shekara 5 a jere a ƙasar kafin ya iya sayen Medicare, kuma inshorar tafiya ta mai ziyara ba kasafai take biyan rigakafi ba. Irin waɗannan su nufi sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko cibiyar lafiyar unguwa mai samun tallafin gwamnatin tarayya, inda ake rage kuɗi gwargwadon samun mutum.

Ana iya haɗa allurar nimoniya da ta mura rana ɗaya, kowace a hannu daban. Ciwon damtse ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne. Ku karɓi takarda mai sunan allurar da kwanan wata. Idan duk da haka takardar biya ta iso gida, kada ku yi saurin biya: ku gwada ta da takardar taƙaita lissafi da Medicare ke aikowa, ku kira 1-800-633-4227. Idan ba Medicare Advantage kuke da ita ba, kuna da kwana 120 daga samun waccan takarda ku ɗaukaka ƙara.