Yadda ake biyan harajin gunduma da inshorar lafiya kafin wa'adi a Japan

Idan ba a cire maka haraji daga albashi, a watan Yuni ofishin gunduma zai aiko maka da takardun harajin mazauna, wanda ake lissafawa bisa abin da ka samu bara, ake kuma biya kashi 4: Yuni, Agusta, Oktoba da Janairu. Ka duba ambulan da kyau, domin galibi akwai takarda guda ta biyan shekara baki ɗaya. Ka kai ta banki ko gidan waya, a buga hatimi, ka adana rasit, amma kada ka biya ta tare da sauran takardun na kashi 4, don kada ka biya sau biyu. Takardun inshorar lafiya ta ƙasa ma ana iya biyansu kafin wa'adi. Mai shirin barin ƙasar ya gaggauta, domin tafiya ba ta sauke masa harajin.