Kiwon shanun tatsa a inuwar itatuwa: nono ya ƙaru, gyatsa ta ragu

Iskar mitan (methane), mai ɗumama duniya, da ake zargin shanu da fitarwa, galibinta ta baki take fita, da gyatsa, yayin da abinci ke narkewa a tumbi. A lissafin shekara 100, ta ninka iskar kabon kusan sau 28 wajen ɗumama duniya. Abin da nake gaya wa masu shanu kullum shi ne, saniyar da ta wuni tana tuƙar busasshen karan dawa amma ba ta cika ƙaramar ƙwarya ba, ita ta fi ɓarna, don ga gyatsar, babu nonon.

Maganin shi ne ka inganta abincinsu da itatuwa. Fara da abin da Allah ya tsiro maka. In ka zo sassabe, kada ka tumɓuke kututturen gawo. Zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Haka manoman Maradi da Damagaram suka dawo da itatuwansu tun shekarun 1980. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani, 'ya'yansa su zubo daidai lokacin da ciyawa ta ƙare.

Inda ruwan sama ke da yawa, kudancin Kaduna misali, shuka lukina, itaciyar da makiyayan ƙasar Kolombiya ke cusa tushe sama da 10,000 a hekta ɗaya tsakanin ciyawa. Jiƙa irin a ruwan zafi 'yan mintuna kafin shuka, ɓawonsa tauri ne da shi. Ba ta son wurin da ruwa ke kwanciya. Ka yi shinge, kada shanu su taɓa ta sai ta kai ƙirjinka (awakin maƙwabta kuwa, sai ka sa ido sosai). Baurin ganyenta na rage mitan, amma kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abincinsu. In ta yi yawa, za ka ga saniya tana dalalar da miyau, gashin jelarta na zuba. Saba musu da kaɗan-kaɗan.

Raba filin kiwon kashi-kashi, shanun su ci kowane kashi kwana ɗaya ko biyu su matsa, wurin ya huta kamar kwana 40. Kashinsu kuma kada ka tara shi a rami da ruwa, nan ma mitan ke tashi. Shanya shi, ka kai gona kafin ruwan farko.