Darasi na 9: Gyaran Rimot na Jirgin Ƙasan Wasan Yara

Mu mutanen Zamfara ba baƙin jirgin ƙasa ba ne. Tun 1929 layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda. Amma jirgin darasinmu na yau ɗan ƙarami ne, irin wanda alhazai ke yo wa jikoki tsaraba. Wani dattijo cikin ɗalibanmu ne ya kawo shi aji, ya ce, "Malam, rimot ɗin ya mutu, jikana ya hana mu sakat da kuka."

Kada ku fara da kwancewa. Rimot da yawa lafiyarsu ƙalau aka farke su, garin neman gira aka rasa ido. A fara da batir.

Batir ɗin da aka rubuta wa AA yana ba da bolt 1.5, biyu kuwa bolt 3. Ku duba jikinsa, za ku ga alamar tarawa (+) da ta ɗebewa (-), waɗanda muka koya a darasin lissafi. Gefen ɗebewa shi ke zama a kan sifirin. In akwai mita, wato na'urar awon ƙarfin wuta, a juya ta kan DC 20, a ɗora jar waya kan tarawa, baƙa kan ɗebewa. Batirin da ya nuna ƙasa da 1.1 ya gaji. Kuma kada a gama sabo da tsoho.

Sai ku leƙa mazaunin batir. Idan kun ga wani farin gari kamar toka ya daskare a kan sifirin, ruwan batir ne ya tsiyaye ya bushe, shi ya tare wa wuta hanya. Yana cin fata, saboda haka ban da taɓa ido. A kankare shi da tsohon buroshin haƙori, a goga da sanfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli.

Rimot iri biyu ne. Mai ɗan ƙwai a goshi da haske yake aika saƙo, hasken da idon mutum ba ya gani. Buɗe kyamarar wayarka, ka saita ƙwan, ka danna maɓalli: in yana aiki za ka ga yana ƙiftawa fari-fari ko shuɗi-shuɗi. In kyamarar baya ba ta nuna ba, gwada ta gaba. Mai eriya kuwa da igiyar rediyo yake aiki, sau da yawa za ka ga an rubuta 27MHz a bayansa, kuma dole lambar ta yi daidai da ta jikin jirgin.

Yanzu ne za a ɗauko sukudireba. Cire batir, zuba kusoshin a murfin kwalba, ka ɗauki hoton cikin kafin ka taɓa komai. Ƙurar hunturu da maiƙon hannun yara sukan liƙe a ƙarƙashin maɓallan roba, inda baƙaƙen ɗigo suke. Goge su da auduga da sifirit. Ban da fetur ko kananzir, suna lalata roba.

Bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kana ɗan ja a hankali. Wadda ta tsinke sai a fere bakinta, a ɗora inda ta fita, a liƙe da dalma, ana narkar da ita da ƙarfen liƙi mai zafi. Dalmar liƙin waya tana narkewa wajen digiri 190 na zafi, don haka daƙiƙa uku sun isa.

A nan zan ja kunnenku ƙwarai. Dalma guba ce, kuma mun fi kowa sani. A 2010 ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ku yi aikin a waje, nesa da yara da kwanon abinci, kada a kama wayar dalma da haƙori, a tattara ɓurɓushin, a wanke hannu da sabulu.

Na dattijonmu jar waya ce ta saki, sili ɗaya tak ya rage. Da kansa ya liƙe ta, hannu na rawa. Da ya danna, jirgin ya zagaya kan tabarma, aji ya ɗauki sowa.

Aikin gida: kowa ya zo da mataccen rimot ɗaya ranar Asabar, ya rubuto lambobin da ke jikin batirinsa a littafinsa.