Darasi Na Bakwai: Gyaran Ƙyaure Da Katakon Cikin Ɗaki

Ƙyauren ɗaki yana shan wahala. Yara su buga da ƙafa, a shigo da gado ya karce shi, hannu mai maiƙo ya bar baƙi kusa da mariƙi. Wannan duk bai kai a kira kafinta ba. Maigida ko uwargida za su iya gyarawa da kansu.

A fara da wanki. Sau da yawa abin da ake zaton karcewa ce, dauɗa ce kawai. A jiƙa tsumma da ruwan sabulu, a matse sosai, a goge. Kada a kwara ruwa, musamman in ƙyauren na filawud ne, domin yana kumbura ya ɓare. In ya bushe, sai a ga ainihin inda ya lalace.

In katakon mai banish ne, irin jan madaci, kuma karcewar ba ta yi zurfi ba, man goge takalmi mai ruwan ƙasa ya isa ya ɓoye ta. In wuri ya loɓa a katako tsantsa wanda ba fenti a kansa, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma, a danna da dutsen guga mai zafi na ɗan lokaci. Tururi yakan sa katakon ya taso.

Rami ko gurbin ƙusa kuwa cikewa ake yi. A roƙi garin katako mai laushi a wurin kafinta, ba ya hanawa. A kwaɓa da farin gam, ya yi kauri, a cusa da bakin wuƙa, a bar shi ya ɗan yi tozo don yana janyewa in ya bushe. A bari ya kwana. Amma in an ƙwanƙwasa an ji kogo, ko an ga jar ƙasa a jikin katakon, gara ce. Fenti ba ya maganin gara. Wannan sai kafinta.

Sai sanfefa. A juya bayanta a karanta lamba. Mai 80 tana da kaushi, tana cin katako da sauri. Mai 120 matsakaiciya ce. Mai 220 laushi gare ta. Ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi. Don irin wannan aiki a fara da 120, a gama da 220, ana bin tsawon zanen katako, ba a gicciye ba.

A nan akwai abin lura. Wasu tsofaffin fenti na mai suna da dalma a ciki, ƙurarsu kuma guba ce, ga yara ta fi illa. Mutanen wannan yanki na Sakkwato sun san dalma tun 2010, lokacin da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, ko da yake waccan daga dutsen zinari ta fito. Saboda haka a ɗan jiƙa sanfefar don kada ƙura ta tashi, a ɗaure hanci, a fitar da yara da mai juna biyu, a kwashe garin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Wajen sayen fenti, a ɓantari ɗan tsohon a tafi da shi kasuwa, ko Tsohuwar Kasuwa ko Sabuwa. A ce wa mai shago, "Alhaji, fentin mai nake so na katako, ƙaramin gwangwani, irin wannan launi." Fentin ruwa na bango ba ya jure goga a ƙyaure. Ko an dace da launi, sabo yakan fi tsoho haske, don haka ya fi kyau a shafe fuskar ƙyauren gaba ɗaya da a yi masa faci-faci.

Lokaci ma yana da nasa hukunci a Sakkwato. Da hunturu, ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, sai ya bushe da kaushi. A yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a guji ranar hazo. Da bazara, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40, fenti yana kamewa a buroshi, sai a yi aikin bayan asuba. Da damina katako yana kumbura, ƙyaure ya riƙa cijewa. Kada a yi garajen fere shi da yawa, in rani ya zo zai bar kafa.

A motsa fentin sosai. A tsoma bakin buroshi kaɗai, a shafa siriri daga sama zuwa ƙasa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda yake zuba ya yi tsiyaya. Tsakanin na farko da na biyu a bari kwana ɗaya. Taga a buɗe, ƙyaure ma a buɗe, kada ya manne da madogara. Tina, wato ruwan tsinka fenti, da kananzir suna kama wuta, a nisanta su da murhu da risho. A wanke buroshi da kananzir, sannan da sabulu, a rataye shi kai ƙasa.

Aikin aji: kowa ya zo da guntun sanfefa ko gwangwanin fenti gobe, ya karanta wa 'yan aji lambar da ke jiki, ya rubuta ta a allo.