Yadda ake gano sabbin ƙwayoyin maye a ɗakin gwaje-gwaje

Masu haɗa sabbin ƙwayoyin maye sukan ɗan sauya fasalin sinadarin da doka ta haramta domin a rasa sunan da za a kama su da shi, kuma irin waɗannan sinadarai da aka kai rahotonsu ga hukumar UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, sun haura 1,000. Saboda haka mai bincike ba zai dogara da launin ƙwaya ko rubutun jikin leda ba.

Da zarar samfur ya iso, a auna nauyinsa, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan duk wanda ya bi ta hannunsa, domin lauya zai tambaya a kotu. A sa safar hannu da takunkumi, a kuma ajiye naloxone, maganin da ke karya ƙarfin ƙwayoyi irin su heroin, a kusa, domin wasu daga dangin nitazene, sinadarai masu aiki irin na heroin waɗanda aka samu a cikin kush, kayan mayen da ya addabi Saliyo, sun fi fentanyl ƙarfi, wanda shi ma ya fi heroin ƙarfi.

Gwajin launi nuni ne kawai. Ɗigon ruwan gwaji mai suna Marquis yakan koma shunayya a kan heroin, ya koma ruwan lemo a kan amphetamine, amma bai isa hujja ba.

Babban aikin yana ga na'urar GC-MS. A narkar da ɗan kaɗan na samfurin a cikin methanol, a fara saka methanol zalla a cikin na'urar don tabbatar da cewa babu ragowar samfurin baya, sannan a saka samfurin da aka narkar. Na'urar za ta rarrabe sinadaran, ta farfasa kowanne, ta kwatanta gutsattsarin da rumbun bayanai. A nan ake yawan tuntuɓe, domin kwamfuta takan kawo sunan da ya fi kusa ko da sinadarin babu shi a rumbunta. Sinadaran 3-MMC da 4-MMC, alal misali, nauyinsu ɗaya ne, gutsattsarinsu kusan iri ɗaya, bambancinsu kawai mazaunin rukunin methyl guda, alhali hukuncinsu na iya bambanta. Sai an haɗa da na'urar FTIR, mai gane sinadari ta yadda yake shan hasken infrared, ko an kwatanta da tataccen samfurin da aka san asalinsa, kafin a tsayar da sunan sinadarin.

Idan sinadarin baƙo ne gaba ɗaya, kamar yadda JWH-018, sinadari mai aiki irin na wiwi, ya kasance kafin a gano shi a cikin haɗin ganyen da ake kira Spice a Jamus a ƙarshen 2008, a nemi ainihin nauyinsa da na'urar QTOF, sannan a tace shi a kai wa na'urar NMR ta fayyace gininsa. Kada a rubuta suna a rahoto sai hanyoyi biyu mabambanta sun yi ittifaƙi a kansa.