Yadda Ake Amfani da Jelatin Mai Fallaye a Kek ɗin Cuku da Ba a Gasawa

Kek ɗin cuku da ba a gasawa ba shi da ƙwai ko fulawa da za su riƙe shi. A wannan haɗin, abin da ke sa ya tsaya har wuƙa ta ratsa shi ba tare da ya zube ba shi ne jelatin. Jelatin mai fallaye yana zuwa ne siri-siri, garai-garai kamar leda mai tauri, kuma ya fi na gari sauƙin sarrafawa: ba a awo da cokali, ƙirgawa kawai ake yi, kuma ba ya barin ƙarni. Amma duk aikinsa ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato zafi da sanyi. Inda aka kuskure wannan, nan kek ɗin ke lalacewa.

Kafin komai, uwargida, ki duba jikin fakitin. Ana samun jelatin ne daga fata da ƙasusuwan dabbobi. Mai yawa a kasuwannin duniya daga fatar alade yake, akwai kuma na shanu da na kifi, don haka ki tabbatar da asalinsa da shaidar halal kafin ki saya. Sai kuma darajarsa. Akwai mai sunan tagulla, fallensa ɗaya kusan giram 3.3, mai sunan azurfa, giram 2.5, mai sunan zinariya, giram 2, da mai sunan filatinam, giram 1.7. Gwargwadon ƙarfin jelatin, gwargwadon sirancin fallensa, shi ya sa falle ɗaya na kowannensu ke daskarar da ruwa kusan daidai da ɗan'uwansa, wajen mililita 100. Wanda ya fita daban shi ne mai sunan titaniyam, mai giram 5, wanda ba a musanya shi falle da falle.

Ga gwangwanin kek mai faɗin santimita 20, irin wanda gefensa ke buɗewa, za ki buƙaci biskit marar kirim giram 200, bota giram 90, cuku mai laushi irin na shafawa giram 500, garin sukari mai laushi giram 120, kirim ɗin bugawa mililita 300, ruwan lemon tsami babban cokali 2, da jelatin falle 4. Cukun ya zama mai cikakken maiƙo, kirim ɗin kuma maiƙonsa ya kai kashi 35 cikin ɗari, domin wanda bai kai kashi 30 ba ba ya tashi idan an buga shi.

Haɗa ƙasan kek ɗin ba shi da wahala. Ki niƙe biskit, ki cakuɗa da narkakken bota, ki danne shi a ƙasan gwangwani da gindin kofi, ki sa a firij minti 30.

Awa ɗaya kafin ki fara haɗin, ki fito da cukun daga firij ya huce daga sanyi. Mutane da yawa suna tsallake wannan, kuma daga nan matsala ke farowa. Kirim ɗin kuwa ki bar shi a firij, sai da sanyi yake buguwa.

Ki cika kwano da ruwa mai sanyi sosai, idan ana zafi ki jefa ƙanƙara biyu a ciki. Ki riƙa sa fallayen ɗaya bayan ɗaya. Idan kika zuba su a haɗe za su manne, tsakiyarsu ta ƙi jiƙa. Minti 5 zuwa 7 sun isa. Za ki ga sun yi laushi, suna santsi a hannu. Kada ruwan ya zama mai ɗumi: jelatin yana fara narkewa ne a wajen digiri 35, zafin da bai kai na jikin mutum ba, kuma abin da ya narke a ruwan jiƙon ya tafi ke nan, ba tare da kin lura ba. Bayan sun jiƙa ki tsamo su, ki matse da hannu sosai. Ruwan da ya rage a jikinsu ƙari ne a kan haɗin, yana rage masa ƙarfi.

Daga cikin kirim ɗin ki ɗebi mililita 70 ki ɗora a ƙaramar wuta, har ya fara tururi kaɗan, wajen digiri 50 zuwa 60. Ki sauke tukunyar, sannan ki sa matsattsen jelatin ki juya. Cikin daƙiƙa kaɗan zai ɓace. Ki ɗan murza digo tsakanin yatsu biyu; idan ba ki ji wani tsaki-tsaki ba, ya narke. Kada ki bari ya tafasa da jelatin a ciki, domin tafasa tana karya ƙarfinsa.

Yayin da yake hucewa, ki buga cuku da sukari da ruwan lemon tsami har su yi sumul. A wani kwano ki buga sauran kirim ɗin har ya yi kauri ya fara riƙe sawun mabugi, amma bakinsa yana lanƙwasowa idan kin ɗaga. Idan ya yi tauri da yawa ba zai shiga cukun da kyau ba.

Yanzu an zo wurin da ya fi kowane muhimmanci. Idan kika juye jelatin mai ɗumi kai tsaye a kan cuku mai sanyi, nan take zai daskare inda ya taɓa, ya koma zare-zare da gudaji masu danƙo, kuma duk bugun duniya ba zai fasa su ba. Maganinsa shi ne a gabatar da su sannu a hankali. Ki ɗebi babban cokali 2 na haɗin cuku ki sa a cikin tukunyar jelatin, ki juya har su zama ɗaya. Ki ƙara wasu 2, ki sake juyawa. A lokacin zafinsu ya kusanci juna. Sai ki juye na tukunyar a cikin babban kwanon kina bugawa ba tsayawa. Daga nan ki shigar da bugaggen kirim kashi uku, da cokalin roba, kina ɗebowa daga ƙasa kina naɗowa sama, don iskar da ke cikinsa kada ta fice. Ki yi sauri a nan, domin kirim ɗin na da sanyi, haɗin zai fara kamawa. Ki juye a kan biskit, ki daidaita saman, ki rufe.

Yana buƙatar aƙalla awa 6 a firij, kwana ɗaya kuma ya fi, domin jelatin yana ci gaba da ƙara ƙarfi har bayan ya yi kamar ya gama. Firiza ba ta gajarta wannan jiran. Gefen ne zai ƙanƙare, tsakiya na nan a ruwa.

Idan gudajin sun riga sun fito kafin ki sa bugaggen kirim, akwai gyara. Ki ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan ɗumi kina juyawa har su narke, ki tace da rariya, ki bari ya huce, sannan ki ci gaba. Bayan kirim ya shiga, ɗumamawa za ta kashe kumfarsa.

Idan kek ya ƙi daskarewa duk da kin bi komai, ki duba 'ya'yan itacen da kika sa, idan kin ƙara wasu a haɗin. Ɗanyar abarba, gwanda, kiwi, ɓaure da ɗanyar citta suna ɗauke da sinadarin da ke yanyanka jelatin, ko falle goma kika sa ba zai kama ba. Dafa su na minti kaɗan yana kashe sinadarin, shi ya sa abarbar gwangwani ba ta da wannan matsala. Tsami mai yawa shi ma yana raunana shi. Idan kika ninka lemon tsami, ki ƙara falle ɗaya. Haka kuma idan kek ɗin zai daɗe a kan tebur a rana mai zafi, falle 5 ya fi dacewa. Fiye da haka kuwa zai yi danƙo kamar roba, laushin cukun ya ɓata. Idan a kofuna za ki zuba a ci da cokali, falle 2 ya wadatar.

Wurin cirewa, ki tsoma siririyar wuƙa a ruwan zafi, ki goge, ki zagaya gefen gwangwanin kafin ki buɗe. Haka za ki yi kafin kowane yanka. Abin da ya rage ki mayar firij a rufe, a cinye cikin kwana 3.