Yadda ake gane tasirin tarihin minista a manufofin wajen Turkiyya

Fara da gano inda ministan harkokin wajen ya yi aiki kafin a naɗa shi: jami'a, majalisa, ko hukumar leƙen asiri. A can ya koyi yadda ake warware rigima, kuma da wannan horon zai shiga ma'aikatar da ke Ankara.

Idan malamin jami'a ne, nemi abin da ya rubuta kafin ya hau kujera. Ahmet Davutoglu ya wallafa littafinsa Stratejik Derinlik a 2001, inda ya ce tarihin Daular Usmaniyya da matsayin ƙasar a taswira jari ne a hannun Turkiyya. Da ya zama minista a 2009 sai aka ga manufar "babu rigima da maƙwabta", har aka soke biza tsakanin Turkiyya da Siriya a shekarar. Yaƙin Siriya na 2011 ya nuna raunin irin wannan minista: tsarin da aka zana a takarda yana da wuyar lanƙwasawa idan al'amura suka juya.

Ɗan siyasa kuwa, duba mutanen da ya sani. Mevlut Cavusoglu, tsohon ministan harkokin wajen Turkiyya, ya shugabanci majalisar wakilai ta ƙungiyar Council of Europe daga 2010 zuwa 2012, kuma ƙarfinsa a zaurukan taro yake. A Antalya, jiharsa, aka zaunar da ministocin wajen Rasha da Yukren a Maris 2022.

Mai tarihin leƙen asiri ya fi wuyar karantawa, domin jawabinsa ba ya faɗin da yawa. Hakan Fidan ya fara a soja, ya jagoranci hukumar raya ƙasashe ta TIKA, sannan ya riƙe hukumar leƙen asirin Turkiyya, MIT, daga 2010 zuwa 2023, kafin ya zama ministan harkokin waje. A nan sai ka bar jawabai, ka bi tafiye-tafiye: wa ya gana da shi, sau nawa, da wane batun tsaro. Tattaunawar sulhu tsakanin Somaliya da Habasha a Ankara a 2024 ta dace da wannan salo na aiki a bayan labule.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora komai a kan minista. Tun 2018 da aka koma tsarin shugaban ƙasa, Shugaba Erdogan ne ke naɗa ministoci, kuma manyan shawarwari daga fadarsa suke fitowa. Don tantancewa, ɗauki batu guda, kamar Siriya ko Girka, ka kwatanta watanni shida kafin sauya minista da watanni shida bayansa. Idan matsayar ƙasar na nan amma masu zuwa tattaunawa da hanyar tuntuɓa sun sauya, wannan hannun minista ne. Idan matsayar kanta ce ta juya, sai ka duba abin da shugaban ƙasa ya faɗa a makwannin.